Ɗan da Aka Maido ko Baƙon da Aka Ɗauka? Sake Duba Ra'ayin Candlish a kan Ɗiyancin Masu Bi

Tsakure

Maƙalar nan ta sake duba ra'ayin Robert S. Candlish cewa Adamu bawa ne kawai a wurin Allah, bai taɓa zama ɗa ba, saboda haka ɗiyancin da masu bi ke samu cikin Almasihu sabon abu ne gaba ɗaya, babu maidowa a cikinsa. An nuna cewa ginshiƙin hujjarsa, wato cewa ɗa ba ya shiga gwaji, ya ci karo da yadda Littafi Mai Tsarki ke magana a kan Isra'ila da Yesu kansa. An kuma taƙaita da'awar zuwa iyakar abin da nassi zai iya ɗauka, sa'an nan aka dubi abin da hakan ke nufi ga ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa.

1. Gabatarwa

Koyarwar ɗiyanci, wato yadda Allah ke ɗaukar mai bi ya mai da shi ɗansa, ba ta samu irin kulawar da barata da tsarkakewa suka samu a tarihin tauhidi ba. Kalmar ɗiyanci ta zo sau 5 kaɗai a Sabon Alkawari, duka a wasiƙun Bulus (Rom. 8:15, 23, 9:4, Gal. 4:5, Afis. 1:5), Turretin ya sa ta a ƙarƙashin barata, Shaidar Bangaskiya ta Westminster (1646) ta ware mata babi na 12, wanda shi ne mafi gajarta a cikinta. Wata muhawara mai zafi ita ce ta asalin misalin ɗaukar ɗa, ko daga dokar Roma Bulus ya ɗauko shi (Lyall 1969) ko daga Tsohon Alkawari (Scott 1992). Zan taɓa wannan ne kawai inda ya shafi batuna.

Abin da ya ja hankalina wata magana ce da ke yawo a wa'azi da azuzuwan tauhidi, wadda masu yin ta ke ganin ɗaukaka alheri suke yi. Sukan ce mu ba 'yan gida ba ne, ba mu kuma taɓa zama ba. Baƙi ne aka tsinto a hanya. In ka ce Allah ya maido mu, a cewarsu, ka nuna ke nan muna da wani tsohon haƙƙi a gidan, alherin kuwa ya ragu. Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma ina ganin sun kauce, kaucewar kuma tana da nauyi, domin tana taɓa yadda ikilisiya ke karɓar wanda ya faɗi ya tashi. Maimakon in yi jayayya da maganar a yadda take yawo a baki, ya fi adalci in fuskanci wanda ya fi kowa tsara ta da hujja.

2. Matsayin Candlish

Candlish (1806–1873), shugaban New College a Edinbara kuma jigo a 'Yantacciyar Ikilisiyar Sikotland, shi ya gabatar da laccocin Cunningham na farko a 1864, aka buga su a 1865 da sunan The Fatherhood of God. Ba za a fahimce shi ba sai an san da wa yake faɗa. A 1831 Ikilisiyar Sikotland ta tuɓe John McLeod Campbell daga aikin fasto saboda koyarwarsa cewa Almasihu ya mutu domin kowa. A 1853 F. D. Maurice ya rasa kujerarsa a King's College ta Landan saboda abin da ya rubuta a kan hukunci na har abada, kuma Candlish da kansa ya rubuta masa raddi a 1854. Tsoron Candlish shi ne: in Allah Uban kowa ne tun daga halitta, to hukunci zai koma horon gida, gicciye zai rasa ma'anarsa ta fansa, ƙarshenta kuma a ce kowa zai tsira. Wanda ya karanta laccocin Harnack da aka buga a 1900, inda aka taƙaita bishara zuwa ubancin Allah da darajar ran ɗan Adam, zai ga cewa tsoron nan yana da tushe.

Hujjarsa na tafiya a kan matakai uku. Na farko, halitta tana kafa dangantakar Mahalicci da abin halitta, Sarki da talakansa, Ubangiji da bawansa. Ba ta kafa ta uba da ɗa. Na biyu, babbar alamar da ke raba ɗa da bawa ita ce dawwama. Bawa ana iya sallamarsa, ɗa kuwa zamansa a gida tabbatacce ne (dubi Yah. 8:35), don haka ɗiyanci yana kawo ƙarshen gwaji. Adamu kuwa a ƙarƙashin gwaji aka ajiye shi, ya faɗi, aka fitar da shi; ke nan ba ɗa ba ne. Na uku, ɗiyanci na gaskiya guda ɗaya ne, na madawwamin Ɗa, kuma sai da Ɗan ya zama mutum ne ƙofa ta buɗe wa mutane su yi tarayya a cikinsa.

Thomas J. Crawford, farfesan tauhidi a Jami'ar Edinbara, ya mai da martani a 1866, yana kāre ubancin Allah na gama-gari tare da na musamman, yana kuma ƙin yarda a daidaita ɗiyancin mai bi da na Almasihu. Daga baya Girardeau (1905) da Webb (1947) a Amurka suka riƙi cewa Adamu bawa ne kuma ɗa ne a lokaci guda. Ni a nan mataki na biyu zan tsaya a kai, domin a ganina shi ke riƙe da na farko. In ya tabbata cewa nassi ya san ɗan da ake gwadawa, wanda kuma ke iya ɓata matsayinsa, to babu sauran dalilin da zai hana maganar maidowa.

3. Ɗa a cikin gwaji

Farkon wanda Allah ya kira ɗansa da bakinsa a Attaura shi ne Isra'ila, ɗan fari ma kuwa, kuma a gaban Fir'auna aka umarta a faɗi haka (Fit. 4:22-23). Me ya biyo baya? Shekara 40 a jeji. Maimaitawar Shari'a ta bayyana shekarun nan da abubuwa biyu a cikin ayoyi huɗu: gwaji ne don a san abin da ke zuciyarsu, kuma horo ne irin wanda mutum ke yi wa ɗansa (M. Sh. 8:2-5). Marubucin bai ga wani tufka da warwara tsakanin su biyun ba. Annabawa suka ɗora a kai. Ishaya ya buɗe littafinsa da ƙarar uban da ya goyi 'ya'ya suka tayar masa (1:2). Yusha'u, wanda ya yi annabci a masarautar arewa kafin faɗuwar Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu, ya tuna yaron da aka kira daga Masar, wanda ƙara kiransa ya zama ƙara nisansa (11:1-2). A babi na farko ma an umarci annabin ya raɗa wa ɗansa sunan da ke shelar cewa jama'ar ba ta Allah ba ce kuma, a aya ta gaba sai ga alkawarin cewa a wurin da aka faɗi haka za a sake kiran su 'ya'yansa (1:9-10). Ga ɗa, ga gwaji, ga faɗuwa da kora, ga kuma alkawarin maidowa.

Mai bin tsarin Candlish zai ce wannan ɗiyanci na al'umma ne, na alama, inuwa ce kawai ta abin da ke zuwa. Akwai gaskiya a ciki, domin ba kowane Ba'isra'ile ne ya san Allah a matsayin Uba yadda mai bi ya sani ba. Sai dai amsar tana da wahalar tsallake Romawa 9:4. A can Bulus, yana lissafa gatan Isra'ila da zuciya mai ciwo, ya sa ɗiyanci a kan gaba, da kalmar nan da ya yi amfani da ita ga masu bi a babin da ya gabata. Ba lallai ne abin ya zama ɗaya a zurfi ba. Amma da wuya a ce manzon, a tazarar ayoyi kaɗan, yana nufin abubuwa biyu da ba su da wata alaƙa. Kuma mutanen da ya ce ɗiyanci nasu ne, su ne yake baƙin ciki a kansu don sun yi tuntuɓe.

Hujja mafi ƙarfi a wurina tana cikin yadda Luka ya jera labarinsa. A 3:22 murya daga sama ta shaida Yesu Ɗa ne. Nan da nan Luka ya katse labari ya kawo asali, kuma saɓanin Matiyu, wanda ya fara daga Ibrahim ya gangaro, shi ya haura baya har ya kai ga Adamu, ya danganta Adamu ga Allah da irin lafazin da ya danganta kowane ɗa ga ubansa a jerin (3:38). Aya ta gaba kuwa Ruhu ne ke kai Yesu jeji. Kwana 40, yunwa, da mai jaraba wanda sau biyu ya ɗora tayinsa a kan sharaɗin cewa Yesu Ɗa ne (4:3, 9). Amsoshin Yesu uku duk daga Maimaitawar Shari'a 6 da 8 suka fito, wato daga wurin nan da aka bayyana gwajin Isra'ila a matsayin horon ɗa. Ana iya cewa aya ta 38 ita kaɗai ba ta nuna kome ba sai cewa Adamu ba shi da uba na jiki. Amma aya ta 38 ba ita kaɗai take ba. An sa ta tsakanin shaidar ɗiyanci da gwajin ɗiyanci, kuma yana da wuya a yarda cewa marubuci mai tsari irin Luka ya yi haka ne ba da nufi ba.

Akwai amsa mai nauyi da ya kamata a ba ta haƙƙinta. Za a ce Yesu ya shiga gwaji ne a matsayin wakilin bayi: an haife shi a ƙarƙashin Shari'a (Gal. 4:4), ya ɗauki surar bawa (Filib. 2:7), saboda haka bawan da ke cikinsa aka gwada, ɗiyancinsa kuwa bai taɓa shiga hatsari ba. Rabi na biyu na maganar nan na yarda da shi. Babu Kirista mai bin koyarwar Nikiya da zai ce ɗiyancin madawwamin Ɗa ya taɓa rataya a kan sakamakon wani gwaji. Rabi na farko ne nassi bai goyi baya ba. Mai jarabar bai ce wa Yesu kome a kan bauta ba. Ɗiyancin ya nufa, yana so ya sa Ɗan ya ci gatansa ba tare da dogara ga Uban ba. Wasiƙar Ibraniyawa ta ce duk da kasancewarsa Ɗa, ta hanyar shan wuya ya koyi biyayya (5:8). A Gatsemani kuma, inda gwajin ya kai maƙura, da kalmar Abba ya yi addu'a (Mar. 14:36), kalmar da Bulus ya ce Ruhu na sa wa a bakin masu bi (Rom. 8:15, Gal. 4:6). Biyayyar da ta cece mu biyayyar ɗa ce. Raba ta gida biyu, a ba bawa wahalar a ba ɗa kwanciyar hankalin, tsari ne da aka kawo wa nassin daga waje.

Saura Yahaya 8:35. Mahallin ayar jayayya ce da masu tinƙaho da zuriyar Ibrahim, batun kuma bautar zunubi ne da 'yancin da Ɗan ke bayarwa. Ayar tana faɗin abin da ke tabbatacce ga Ɗan da waɗanda ya 'yanta. Mai da ita ma'aunin da za a auna kowane ɗiyanci a Littafi Mai Tsarki da shi, har a kore na Isra'ila da na Adamu, ɗora mata kaya ne fiye da ƙarfinta.

4. Shin maidowa na rage alheri?

A nan ne zuciyar damuwar take. Bari mu dubi misalin da Yesu ya ba Farisiyawa lokacin da suke gunaguni don yana cin abinci da masu karɓar haraji (Luka 15:11-32). Ƙaramin ɗa ya nemi rabonsa uban na da rai. Bisa dokar da ta ba ɗan fari kashi biyu (M. Sh. 21:17), rabon nasa sulusi ne. Ya sayar, ya tafi, ya cinye. Da yunwa ta kai shi kiwon aladu, sai ya shirya jawabi mai gaɓa uku: ya yi zunubi, bai cancanci sunan ɗa ba, a ɗauke shi ɗan ƙodago. Lissafinsa daidai ne. Gadonsa ya riga ya karɓa, bai bar kome a gidan ba. Ayoyin da ke bin dokar ɗan fari a Attaura su ne na gagararren ɗa, wanda hukuncinsa jifa ne a ƙofar gari (M. Sh. 21:18-21). Wato a ƙarƙashin Shari'a, ɗan da ya tayar wa ubansa ya fi baƙo shiga uku. Baƙo ba shi da haƙƙi. Shi kuwa ba shi da haƙƙi, ga kuma laifi a wuyansa.

Da ya iso, bisa karatun da yawancin masu tace nassi suka zaɓa, gaɓa ta uku ba ta fito daga bakinsa ba (aya 21). Ya kamata a faɗi cewa kwafofin Sinaiticus da Vaticanus suna ɗauke da ita a nan, P75 da Alexandrinus kuwa ba su da ita, kuma ana ganin daga aya ta 19 aka kwafo ta. Ko wanne karatu aka bi, amsar uban ɗaya ce. Riga mafi kyau, zobe a hannu, takalmi a ƙafa, ɗan maraƙin da aka yi kiwo. Babu ɗaya daga cikinsu da ake ba ɗan ƙodago. Uban ya kuma bayyana abin da ya faru da kalmomin mutuwa da rayuwa, ɓata da samuwa, waɗanda duk kalmomin maidowa ne. To, wa zai karanta wannan ya ce alherin ya ragu don yaron dā ɗa ne? Kasancewarsa ɗa shi ya sa laifin ya yi muni, shi kuma ya sa karɓar ta zama abin mamaki. Wannan kuma yana amsa tsoron Candlish game da hukunci: ubanci a nassi bai taɓa rage nauyin tawaye ba, ƙara shi yake yi (Mal. 1:6).

Dokar Roma na taimakawa a nan, ko da ba a yarda da Lyall cewa ita ce tushen misalin ba. Manyan Roma kan ɗauki baligi ne don ya gaje su, kuma wanda ya cancanta ko wanda siyasa ta zaɓa suke ɗauka. Augustus ya ɗauki Tibariyas a shekara ta 4 bayan haihuwar Almasihu, lokacin Tibariyas ya haura shekara 40 kuma ya riga ya yi suna a fagen yaƙi. Kalaudiyas ya ɗauki Nero a shekara ta 50, Nero ya hau mulki a 54, kuma a zamaninsa, wajen 57, Bulus ya rubuta wa Romawa. Masu karatunsa sun san yadda ake zaɓen magaji. Sai ga shi yana gaya musu cewa waɗanda aka mai da magada marasa ƙarfi ne, masu zunubi, maƙiya (5:6-10). Barclay (2015) ya nuna cewa abin da Bulus ya fi jaddadawa game da alheri shi ne rashin la'akari da cancantar mai karɓa. In haka ne, ma'aunin alheri shi ne girman rashin cancanta, kuma rashin cancantar maci amana ya fi na wanda ba a taɓa ba amana ba.

Ga mai karatu da Hausa akwai wani abin da ke ƙara wa batun nauyi. Abin da al'adarmu ta sani shi ne riƙo. Kaka ko gwaggo ko kawu kan ɗauki yaro tun yana ƙarami, ya ci a kwano ɗaya da 'ya'yan gida, a yi masa kayan salla tare da su, a aurar da shi daga gidan. Amma sunan ubansa yake amsawa, kuma ranar rabon gado yana zaune a zaure tare da masu ta'aziyya, ana kiran magada ɗaya bayan ɗaya, sunansa ba ya ciki, sai dai in mamacin ya bar masa wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Hakan ya yi daidai da shari'ar Musulunci, wadda ta hana a danganta yaro ga wanda ba ubansa ba (Suratul Ahzab, aya 4-5), kuma tsari ne mai nasa hikima wajen kiyaye nasaba. Sai dai Kiristan da ya tashi a cikinsa, in aka ce masa shi baƙo ne da aka ɗauka kawai, abin da zai ji shi ne ɗan riƙo: ana ƙaunarsa, ana ciyar da shi, amma gidan ba nasa ba ne. Bulus kuwa bai taɓa ambaton ɗiyanci a Romawa 8 da Galatiyawa 4 ba tare da ya kai maganar ga gado ba (Rom. 8:17, Gal. 4:7).

5. Iyakar abin da nassi ya yarda

Dole in rage da'awata a nan, domin abin da na nuna bai kai abin da Crawford ya so ya nuna ba. Bulus, a wurare biyun da ya yi dogon bayani a kan Adamu (Rom. 5:12-21, 1 Kor. 15), bai kira shi ɗa ba, bai kuma ce ɗiyanci ne ya ɓata a hannunsa ba. Farawa 5:1-3, inda aka yi maganar kamanni da siffa game da Adamu ga Allah sa'an nan game da Shitu ga Adamu, tana nuni ne, ba ta yanke hukunci. Jawabin Atina (A. M. 17:28-29) aron baitin mawaƙin Helenawa ne don a rushe bautar gumaka, kuma ba zan ɗora koyarwar ɗiyanci a kansa ba. Misalin ɓataccen ɗa ma game da masu zunubi na cikin Isra'ila aka ba da shi, ba game da Adamu ba. Haka kuma, game da al'ummai, harshen Afisawa 2:12-19 na baƙi ne da aka jawo daga nesa. Masu wa'azin baƙon da aka tsinto suna da nassinsu.

Abin da shaida ta isa ta ɗauka, a ganina, shi ne wannan. Littafi Mai Tsarki ya san ɗiyancin da ake gwadawa kuma ake iya ɓatawa, a fili game da Isra'ila, ta hanyar istinbaɗi game da Adamu. Kuma idan Bulus zai bayyana yadda ake mai da mutane 'ya'ya, daga labarin maido da Isra'ila yake ɗebo harshensa. Scott ya nuna yadda alkawarin da aka yi wa zuriyar Dawuda (2 Sam. 7:14) ya faɗaɗa ya game jama'a duka a 2 Korintiyawa 6:18, a cikin jerin nassoshin komowa daga bauta. Fassararsa ta Galatiyawa 4:1-2 a matsayin zaman Isra'ila a Masar ba ta samu karɓuwa wurin kowa ba, kuma hujjata ba ta dogara da ita. Abin da ya fi ƙarfi shi ne Romawa 9:24-26, inda Bulus ya ɗauki alkawarin Yusha'u, wanda asalinsa na korarriyar masarautar arewa ne, ya shimfiɗa shi a kan al'ummai. Ko baƙon ma, da kalmomin da aka tanada wa ɗan da zai komo aka karɓe shi. Wannan bai tabbatar da ubancin gama-gari irin na Harnack ba. Amma ya isa ya karya matakin Candlish na biyu.

6. Abin da Candlish ya gani daidai

Rashin adalci ne a bar shi a nan. Matakinsa na uku, in aka cire masa wuce gona da irin da Crawford ya yi ƙorafi a kai, yana riƙe da gaskiyar da masu maganar maidowa kan manta. Abin da aka ba mai bi ya fi abin da Adamu ya ɓatar. Ruhun da aka aiko cikin zukata Ruhun Ɗan ne (Gal. 4:6). Gadon tare da Almasihu ake cin sa (Rom. 8:17). Manufar ita ce a siffanta masu bi da kamannin Ɗan, ya zama ɗan fari a cikin 'yan'uwa masu yawa (8:29), cikar ɗiyancin ma tana jiran fansar jiki (8:23). Adamu bai taɓa samun ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tun wajen shekara ta 180 Ireniyas na Liyon ya kwatanta Adamu da yaron da bai kai girma ba, wanda aka halitta don ya girma zuwa abin da sai cikin Almasihu ya cika. Atanasiyas kuma ya tsare iyakar da cewa Almasihu Ɗa ne bisa ga zatinsa, mu kuwa bisa ga alheri. Dawwamar da Candlish ke nema gaskiya ce. Kuskurensa, in na fahimce shi daidai, shi ne ya ɗauke ta a matsayin ma'anar ɗiyanci, alhali kyauta ce da Ɗan da ya ci gwaji ya samo wa 'ya'yan da suka faɗi.

Wannan yana da amfani kai tsaye ga yadda muke horo a ikilisiya. Mai bi ya yi laifi, dattawa sun sa shi a horo, an hana shi cin jibi, ya tuba, an karɓe shi a gaban jama'a. Sau da yawa karɓar takan tsaya a kan takarda. Shekaru na wucewa ba a ba shi karatun nassi, ba a sa sunansa a wani kwamiti, shi ma yana zaɓar kujerar baya da kansa. An ba shi gaɓa ta uku ta jawabin ɓataccen ɗa, wadda uban bai karɓa ba. Ibraniyawa 12:5-8 ta ɗauki horo a matsayin shaidar ɗiyanci, Bulus kuma ya gargaɗi Korintiyawa su tabbatar wa wanda aka hora ƙaunarsu kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Kor. 2:6-8). Ikilisiyar da tauhidinta bai san ɗan da ke faɗuwa a maido shi ba, ba ta da inda za ta ajiye irin wannan mutum sai a tsakanin bayi.

7. Kammalawa

An nuna cewa da'awar Candlish ta rashin haɗuwar ɗiyanci da gwaji ba ta tsaya a gaban Maimaitawar Shari'a 8, Yusha'u 1 da 11, Romawa 9:4 da Luka 3 zuwa 4 ba, kuma maidowa ba ta rage alheri ko hukunci. An amince cewa ɗiyancin Adamu istinbaɗi ne, kuma abin da masu bi suka samu ya zarce shi. Tambayar da ta rage, wadda ke bukatar nazari na daban, ita ce yadda dawwamar ɗiyancin mai bi za ta zauna da gargaɗin Ibraniyawa 6 da 10. Amma ko ya aka warware ta, masu koyar da tauhidi da Hausa suna da aikin da ba zai jira ba: su koyar da ɗiyanci tare da gado, su kuma koyar da horo tare da maidowa cikakkiya, domin haka manzon ya haɗa su.